Kan Hajiya ya fara rawa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya ƙara miki haske a makwancinki, na rubuto ne kan magenki, Hajiya. Ba ta da lafiya, kuma tsoro ya kama ni.

Kanta ne ya fara rawa. Daga baya ta riƙa kuskure kwanon madara, tana dungura baki a ƙasa. Yanzu sai ta tsaya gaban bango ta zuba masa ido, in kira ta, ta juyo ta dube ni kamar baƙuwa.

Kin sha gaya mana cewa kakarki ce ta ɗauko asalin magunan gidanmu a cikin kwando daga Kano, a hanyar Makka. Tafiya ta ƙare musu a garin nan, ita da magen. Shi ya sa kika sa wa wannan suna Hajiya, wai ko ba ta je ba ai kakanninta sun yi niyya.

Ina tuna ki da muciya a hannu, kina korar muzurun unguwar Habbena daga kan katanga. "Ba ma haɗa iri da na bola," in ji ki. Namu da namu kawai, a cikin gida.

Na ɗauke ta a kilando, babur ɗin haya, zuwa wurin likitan dabbobi a unguwar Klémat. Ya ce ciwo ne da ba a cika gani ba, ƙwaƙwalwa ke lalacewa a hankali, kuma babu magani. Ya ce gadonsa ake yi, kuma ya fi fitowa idan uwa da uba jininsu ɗaya. Ban gaya masa zancen muciya ba.

Hajiya kam na sallama. Fargabata na kan Auta, 'yarta ɗaya da ta rayu, wadda daga ita irin magen kwandon nan ya ƙare. Kullum ina zaune ina kallon kanta, ina ce wa kaina lafiyarta lau.

Yau da hantsi na ajiye wa Auta madara. Ta taho da gudu, ta sunkuya, bakinta ya sauka a gefen kwanon.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya sassauta wa waɗannan bayin nasa marasa baki.

'Yarki,
Balaraba