Ɗakin Karatun Baba

Ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya idon Baba?

Ashe Dogo, tsohon ɗalibinsa, ba karanta masa littafi kawai yake yi ba, har makullin ɗakin karatu aka damƙa masa. Makulli, Auta! Ni da na gaji fanninsa, nake koyar da tarihin tunanin siyasa, sai na nemi izini kafin in shiga. Wallahi abin yana ci na a rai.

Shi ya sa ranar da kuka kai shi asibiti, kafin in kama hanya, na gyara ɗakin. Haba, littattafan masanan ƙasar Sin a jikin na Girka, na Indiya cakuɗe da na Larabawa, sai ka ce gwanjo! Yanzu kowane yanki da kantarsa. Dogon naku ya taɓa yi masa haka? Me Baba ya ce?

Ki gaishe shi.
Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, ido dai sai haƙuri.

Yaya, ka yi ɓarna. Baba ba da yanki yake jera littattafansa ba, da tambaya yake jerawa. Kantar sama, wa ya cancanci mulki. Ta tsakiya, yaushe talaka zai ƙi bin azzalumi. Cewa yake duk duniya tambaya ɗaya ake yi, amsa ce ta bambanta. Tun da ido ya tafi, da hannu yake gane su. Jiya ya laluba ya zaro ɗaya ya miƙa wa Dogo, aka karanto suna, ba wanda yake nema ba ne. Ya sake, ba shi ba ne. Sai ya haƙura ya zauna.

Allah ya bar zumunci.
Auta.

Auta,

Bayan gaisuwa. Wa ya taɓa gaya mini wannan? Dogo aka gaya wa, ni kuwa ko oho. To, ɗan gaban goshin ya mayar da su mana, tunda shi ya san komai.

Ki huta lafiya.
Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Dogo ya roƙa a bar shi ya mayar, Baba ya hana. Ya ce, "Ɗana ne ya jera, kada wanda ya taɓa." Amma tun ranar bai ƙara shiga ɗakin ba.

Yaushe za ka zo?

Taka,
Auta.