Zuwa ga Taubashina Mode, a Kan Doguwar Tsutsar Roba

Daga Malam Sanda na Mai Wurno, manomin dawa, ma'abocin littattafai, kuma, kamar yadda ta bayyana kwanan nan, abin dariyar garin nan na shekaru masu yawa, zuwa ga ɗan kawuna, taubashina, marigayi Mode.

Aminci ya tabbata a gare ka a inda kake kwance. Bayan gaisuwa da girmamawar da ta wajaba ga wanda ya riga mu, ina fatan an yalwata maka makwanci, kuma tambayar mala'iku ta zo maka da sauƙi. Ina sanar da kai cewa tawa tambayar ba za ta zo da sauƙi haka ba.

Matarka Hajo ta fita takaba, kuma gidana ta fara zuwa. Ta zo da gwangwanin shayin nan naka da kuma saƙo daga bakinka, wai in yafe maka maganar tsutsa. Na ce mata shari'a mai nauyi irin wannan ba a yanke ta a tsaye. Tun daga ranar, kowace safiya sai ta biyo ta gaida Ige, matata, ta ja gaisuwar har ta wuce kima, idonta na kan ƙofar ɗakina. Ige ta ce ko abinci Hajo ba ta ci sosai. Saboda ita na ɗauki alƙalami, ba saboda kai ba.

Ka tuna shekarar da ka dawo daga Rusairis, inda ka tafi aikin madatsar ruwa. Wasu sun dawo da rediyo, wasu da agogo, kai ka dawo da tari da wannan gwangwani. Ka same ni a gindin gawon bakin gulbi, ka buɗe shi a hankali kamar mai buɗe kayan gado. A ciki akwai tsutsotsi, amma ba tanar da muke haƙa a laka ba, wadda Larabawa ke kira sargel. Waɗannan na roba ne, masu laushi kamar dafaffiyar jijiya, launinsu irin na hanta. Ka ce wani Bature injiniya da kake riƙe wa kayan fatsa ranar hutu shi ya bar maka su da zai koma ƙasarsu, inda ake kama wani kifi mai faɗin baki da su. Ba sa mutuwa a rana, ba sa wari, kuma ba sai an durƙusa cikin laka an nemo su ba. Wannan na ƙarshen ne ya ja hankalina, domin ka san ra'ayina game da durƙuson mai rawani a cikin laka.

Dukkansu gajeru ne, ba su fi tsawon yatsa ba, in ban da guda ɗaya da ta kai taƙi har da ɗoriya. Ka ɗago ta tana lilo, ka shaida min cewa a ƙasar Turawa tsawon tsutsa bisa muƙamin mai fatsa yake: lebura da gajera, magatakarda da matsakaiciya, doguwa kuwa sai alƙalai da manyan malamai, kuma sai babban kifi ke kusantarta.

"Wagga taka ta, Malam," ka ce. "Ni mi zan yi da ita? Ko rawani ban da shi."

Na karɓa da hannu biyu. Ina so wannan ya shiga tarihi: da hannu biyu.

Ka yi min haƙuri in yi ɗan bayani saboda samarinmu da Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu. Mahaifinka wan mahaifiyata ne. Saboda haka tun muna yawo ba wando al'ada ta ba ka izinin ka ɓoye min takalmi, ka kira ni bawanka a gaban baƙi, ka zuba min gishiri a shayi, ni ma in rama, kuma babu mai shiga tsakaninmu. Amma wasan yana da sharaɗi, wanda kakanninmu suka ɗauko tun daga Sakkwato tare da tabarminsu da butocinsu: wanda ya yi wasa dole ya fito fili ya yi dariyarsa a gaban wanda ya yi wa, domin wancan ya san abin da zai rama. Ka riƙe wannan sharaɗin, zan dawo kansa.

Daga nan muka shiga fatsa, kowace la'asar in an taso daga gona. Kai a damana, ni a hagunka. Ka soka gajerarka a ƙugiya, ka jefa, ka ɗan girgiza igiya, ba a jima ba sai ga tarwaɗa, sai ga ragon ruwa, wani lokaci har karfasa. Ni kuwa in soka tawa, wutsiyarta na reto can ƙasa da ƙugiya, in jefa da bismilla, in zauna. Wani lokaci nakan ji an ɗan taɓa, in fizgo da ƙarfi, in sami tsutsata ita kaɗai. Sai ka kaɗa kai ka ce ƙananan kifi ne suka zo gaisuwa, sun san ba sa'arsu ba ce.

Da damina ta yi, gulbi ya cika ya zama kamar kunun kanwa, na tambaye ka ko in gwada gajera. Ka ce a'a, a ruwa mai dauɗa kifi ba ya gani, sai doguwa. Da rani ya yi, ruwa ya kwanta har ana hangen yashi, na sake tambaya. Ka ce a'a, yanzu ne giwan ruwa ke fitowa, kuma giwan ruwa ba ya duban ƙaramin abu. Ni da na karanci ilimin hujja, ni da nake kama malamai da tufka da warwara a tsakiyar wa'azi, na saurari amsoshin nan biyu na ce lallai akwai hikima a ciki.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma na ɗauki maganarka na gina mata soro. Na yi bayani a rumfar mai shayi cewa kifi ma yana da darajoji, kamar mutane, kuma mai neman babba ba ya damuwa da yawan ƙanana. Na yi wannan bayanin a kasuwar Sinnar, da Larabci, a gaban masunta da suka gaji sana'ar daga kakanninsu. Na taɓa kai shi har garin Hajj Abdalla, wurin wani suna, na ciro tsutsar daga aljihu na auna ta da taƙina a gaban jama'a. Kana zaune a gefena kana gyaɗa kai, kana cewa "Haka na, Malam," da fuskar almajirin da aka buɗe wa sabon babi.

Duk shekarun nan ban kama ko ƙaya ba. Tsutsata na nan yadda ka ba ni ita, babu tabon haƙori ko ɗaya a jikinta. Amma gidana bai taɓa rasa kifi ba, domin kafin in gama naɗe igiya ka riga ka raba naka biyu ka aika da rabi wurin Ige. Kullum hujjarka ɗaya: ƙananan suna taruwa ne kallon tsutsata, kai kuwa kana tsintar 'yan kallo, saboda haka rabin haƙƙina ne. Nakan karɓa da ɗan ɗaga kai, kamar mai karɓar zakka daga talakansa.

Sai tarin nan ya kwantar da kai bayan an yanke dawa. Na zo duba ka, na same ka ka rame har zoben hannunka na zamewa. Na zauna a bakin gadonka ina karanta maka addu'o'i. Ka buɗe ido, ka jima kana kallona, sannan ka ce, "Malam, har yanzu doguwar kaka jefawa?"

Na ce ƙwarai, kuma ina jin giwan ruwan ya kusa.

Ka juya ka fuskanci bango. Na ga kafaɗunka na rawa. Na ɗauka sanyin zazzaɓi ne, na tashi na jawo bargo na lulluɓe ka, har da tofa maka addu'a. Mode, dariya kake yi. Ni da hannuna na lulluɓe dariyar da ake yi min.

Ranar jana'izarka, bayan an idar da salla, liman ya juyo ya ce duk mai wani haƙƙi a kan bawan Allahn nan ya yafe masa. Sai na ga sahu gaba ɗaya ya waiwayo yana dubana, dattawa da samari. Na fahimci hakan a matsayin girmamawa ga mafi kusa da kai, kuma mafi iliminsu. Na gyara rawani, na ɗaga murya yadda na baya za su ji, na ce na yafe duniya da lahira. Wani ya yi tari a bayana. Liman ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba, ni kuwa na ce a raina, dubi yadda maganata ta taɓa shi.

Sai da Hajo ta zo na san abin da suke kallo. Ta zauna a bakin tabarma, ta buɗe gwangwanin, ta ciro guntaye uku da ba ka kai ga amfani da su ba. Ta jera su kai da kai, yadda ka koya mata. Ta ce in kawo tawa. Na kawo, ta ajiye ta a gefensu. Tsawo ɗaya. Ga wurin da reza ta bi, santsi kamar yankan wanzami. Ashe, in ji Hajo, Baturen dogaye ya ba ka dukkansu, ya kuma gaya maka cewa sun yi wa bakin kifin gulbinmu yawa, sai an yanka, domin kifi wutsiyar zai ja ya bar ƙugiya. Ka zauna a bayan lori a kan hanyarka ta dawowa ka yayyanka su, ka ware guda ɗaya ka ce wannan ta Malam ce.

Na juya wurin Ige don ta taya ni mamaki, sai na ga ta toshe baki da mayafi. Ta sani tun makon farko. Mai shayi ya sani. Liman ya sani. Na tambaye ta yadda ta iya soya kifin nan shekara da shekaru tana yi min sannu da aiki. Ta ce wa ya isa ya shiga wasan taubasai, kuma ai ni ma ina jin daɗin kifin.

To, ga ƙarata, kuma ba a kan tsutsar ba ce. Tsutsar wasa ce, kuma in za a yi adalci, tun da iyayenmu suka sauka a bakin gulbin nan ba a yi wadda ta kai ta ba. Ƙarata a kan sharaɗin nan ne da na ce ka riƙe. Ka yi wasan, ka ƙi bayyanawa. Ka yi dariyarka kai kaɗai, fuskarka a bango. Da ka juyo ranar nan ka gaya min, da na zage ka tas a gaban Hajo, da na tafi gida na kwana ina shirya ramuwa, da na dawo maka da ita ko da a gadon ne. Ka tafi ka bar ni da ramuwa a hannu, babu wanda zan yi wa. Wa zan ɓoye wa takalmi yanzu, a shekaruna? Wa zai kira ni bawansa in ji daɗi?

Na duba littattafan fiƙihu ko yafiyar da mutum ya furta bai san abin da yake yafewa ba tana ɗauruwa. Malamai sun saɓa, kamar yadda suka saba. Da na ga ba za su raba mu ba, sai na rufe su na tafi gindin gawo.

Na soka ɗaya daga cikin guntayenka, na jefa, na girgiza igiyar yadda nake ganin kana yi. Ban gama gyara zama ba na ji an ja. Tarwaɗa ce, ba babba ba, amma ita ce ta farko a rayuwata. Na ɗago ta tana wutsil-wutsil, na juya dama da sauri, bakina cike da zagin da zan yi maka. Babu kowa a wurin sai saiwar da kake jingina da ita, ta yi sulɓi saboda bayanka. Na daɗe a tsaye da kifin a hannu. Ban san lokacin da na fara dariya ba, kuma ban san lokacin da ta koma wani abu dabam ba.

Ga hukunci. Tarwaɗar na ba Ige ta soya, gobe da safe in Hajo ta zo gaisuwarta mai tsawo za a ajiye mata, in fito da kaina in gaya mata na yafe, wannan karon da sanina, ta ci abinci. Guntayen biyu da suka rage nata ne. Tawa kuwa ba zan yanka ba. Zan ci gaba da jefa ta kowace la'asar, in kuma wani baƙo ya tambaya, zan yi masa bayanin darajojin kifi daga farko har ƙarshe, mutanen gari su toshe bakinsu. Muddin tana cikin ruwa, wasanka bai ƙare ba, kuma ramuwata na nan a ajiye har mu haɗu.

Allah Ya gafarta maka abin da na sani da abin da har yanzu garin nan ke ɓoye min. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya ba Hajo haƙuri, Ya shayar da kai daga ƙoramun da ruwansu ba ya gurɓata. In ka isa can kafin ni, ka kama mana wuri a bakin ɗaya daga cikinsu, ka bar min hagunka.

Ubangidanka, ko da kai ka ce bawanka,
Malam Sanda, mai doguwar tsutsa.