Buhun Oga Godfrey

Masaka, kusa da Abuja

Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Inna da yara. Ya ƙafar Baba?

Ni lafiya lau nake, sai dai binciken kammala digirina ya ɗan taɓa ni. Ina nazarin finafinan talabijin na masu kashe mutane ɗaya bayan ɗaya, da yadda ake mayar da su dodanni. Malamata ta ce kowace al'umma da abin da take tsoro take ƙera dodonta. Na fim ba shi da ƙaho, yawanci maƙwabci ne mai fara'a.

Tun daga nan na daina amsa gaisuwar maƙwabcina, Oga Godfrey. Ranar Asabar da hantsi ya ƙwanƙwasa ƙofata, ga buhu a kafaɗa, ga adda a hannu. Wallahi sai na ja da baya.

Ya ce, "Fiddausi, doya ne daga gonana na Kuje. Ka rame, ba ka cin abinci?"

Na karɓa, kunya kamar in nutse. Ramar kam gaskiyarsa ce, amma kada Inna ta ji.

Ki aiko min da daddawa mai kyau in kai wa matarsa. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Fiddausi