Yadin da Ba Ka Yanke Ba

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasar zuciyata, telana, maigidana,

Sallama gare ka daga asibiti, gado na uku kusa da taga. Yau kwana tara ke nan da na yanke jiki na faɗi a gaban allo, alli a hannuna, 'yan ajina suna salati. Kullum kana zuwa lokacin ziyara, ka zauna a kujerar roba kana murza hularka, ni kuma in ce maka da sauƙi. Bakina ya ƙware da ƙarya, masoyina. Shi ya sa na yago takarda daga littafin shirya darasi, ko hannuna zai fi shi gaskiya.

Ka tuna ranar da na fara shiga shagonka? Na kawo jerin awon kayan makarantar ɗalibaina, ka miƙo hannu ka karɓa, sai ga yatsunmu duka fari fat. Ka ce, "Malama, ashe sana'armu ɗaya. Ke da alli, ni da alli, sai dai nawa ɗaliban ba sa surutu." Na yi dariya har mayafina ya zame. Wayyo, wannan dariya! Ina ta tafi? Wa ya ɗauke min ita? A lokacin ina da kumatu, ina cin burodi a tsaye a ɗakin malamai ina ba da labari, ban san ana iya jin tsoron cokali ba.

Wata shida da aurenmu Gwaggo ta zo, ta kama damtsena tana cewa, "Kai, tela ya iya kiwo!" Kowa ya yi dariya, har ni. Ba na ɗora mata laifi, da ƙauna ta faɗa. Amma ranar wata murya ta tare a kaina, kuma har yau ba ta fita ba. Ita ke ƙirga min loma. Ita ke tsayawa a bayana a gaban madubi tana nuna min abin da kai ba ka gani. In na wuni da yunwa sai ta yaba min, in ji ni sakayau kamar gashin tsuntsu a iska. In na ci, sai kunya ta rufe ni kamar na yi sata a kasuwa. Mutane suna cewa kwalliya nake nema. Wace kwalliya? Gashina yana bin mataji, sanyi nake ji a rana tsaka. Tsoro ne, masoyina, tsoro tsagwaronsa, kuma ban san sunan abin da nake tsoro ba.

Sai shuɗiyar rigata ta yi min yawa, wadda ka ɗinka min ta farko. Ban ce komai ba, kai ma ba ka ce ba. Na dawo daga makaranta na tarar da ita a goge a kan gado, na saka, ta zauna min cif. Na san yanzu don kada in ji kunya a gaban ɗalibai ka tsuke ta. Da allura kake magana tun asali, bakinka mai nauyi ne. Amma ka san yadda muryar ta fassara min? Ta ce, kin gani, ya fi son ki haka. Kai kana ɗinka tausayi, ni ina saka lambar yabo. Sau huɗu muka yi wannan a gida ɗaya, a ɗaki ɗaya, ba wanda ya buɗe baki!

Ni ce fa mai ba 'yan mata shawara a makaranta. Akwai wata ɗalibata, mai zama a layin gaba, mai rubutu kamar na inji. Na ga tana naɗe abincinta a takarda tana jefawa a kwandon shara. Na kira ta ofis, na zuba mata magana mai daɗi, na ce jiki amana ne, na ce kyawun mace ba a sikeli yake ba. Ta saurara tsaf. Sannan ta dubi agogona da ya zame har gwiwar hannu, ta ce, "Malama, ke yaushe rabonki da cin naki?" Na ce ta koma aji. Ban gaya wa shugabar makaranta ba, ban kira mahaifiyarta ba, domin tona nata tona nawa ne. Ka je gobe, don Allah, ka gaya wa shugabar. Yarinyar ba ta yi nisa kamar ni ba.

Jiya Yaya, da ke jinyata, ta wanke shuɗiyar rigar, ta shanya ta a juye a ƙarfen gado. Ban taɓa ganin cikinta ba sai jiya. Layin ɗinki huɗu a kowane gefe, wani a cikin wani, kamar sawun ruwa a bakin rafin da ke ƙafewa. Yadin kuma duk yana nan. Ka ninke shi, ka danne da dutsen guga, ko ƙyalle ba ka yanke ba. Yaya ta ɗaga tana cewa, "Wannan mijin naki rowar almakashi yake yi ne?" Sai ta ajiye, ta fita wai za ta nemo ruwan zafi. Jirana kake yi! Duk tsawon shekarar nan ka ajiye min wurina a cikin rigata, ina yawo da shi a jikina ban sani ba.

Da ma in ce maka wannan ya warkar da ni. Da ma! Ga gaskiyar da ta sa na ɗauki biro: kafin hawaye ya zo min, muryar ta riga ta ƙirga layukan, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ta ce akwai sauran wurin na biyar. Kuma na ji daɗi, masoyina. Na ji daɗi. Da safen nan nas ta ajiye min shayi da ƙwai, ta ce, "Malama, yau ke ce ɗaliba, sai kin cinye za a tashi." Na zauna ina kallon kofin har ya huce. Na kira sunanka a raina, na tuna hannunka, na tuna ƙarar keken ɗinkinka da ke tarbata tun daga bakin layi. Ina son ka kamar yadda shuka ke son damina, amma cokalin ya fi ƙarfina. Wace irin mace ce za ta iya mutuwa dominka, ta kasa haɗiye loma dominka? Likita ya ce ciwo ne, ba rashin ƙauna ba, ya ce ana warkewa. Ina jin sa kamar mai magana daga wancan ƙetaren kogi.

Ga roƙona. In aka sallame ni, rigar za ta yi min yawa. Zan ce ka tsuke ta. Zan yi kuka, zan yi fushi, zan ce ba ka ƙaunata, zan ce zan kai wa wani tela. Ba ni ce mai maganar ba. Kada ka yi layi na biyar. Ka buɗe bakin nan naka mai nauyi ka ce min a'a, ko da zan ƙi kallonka mako guda. Kuma kada ka yanke yadin, ya farin watana, ko da ka ga ranar ba ta da alamar zuwa.

Ba zan yi maka alkawarin warkewa ba, na gaji da yi maka ƙarya. Ban san ko zan sake cika rigar nan ba, kuma yau zuciyata ta fi karkata ga ba zan cika ba. Abin da ya rage min wanda muryar ba ta taɓa ba shi ne kai. Ta cinye kumatuna, ta cinye dariyata, ta raba ni da allona, amma ba ta sami ƙofar inda na ajiye ka ba, kuma ba za ta samu ba muddin ina numfashi. Na ba Yaya rigar ta kawo maka tare da wasiƙar nan. Ka rataye ta a shago yadda take, a juye.

Taka a kowane awo, jiya da yau da abin da ya rage,
Malamarka mai alli a yatsu