Tulun Tokar Malam Kuo

Chiayi, 30 ga Maris

Yaya Hsiu-lan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama. Ya ciwon gwiwarta?

Kin sha yi mini tsiya wai littattafan soyayya sun cinye mini hankali. To ga labari ya biyo ni har gidan miji. Ina share ɗakin ajiya na tarar da akwati cike da wasiƙu, duk zuwa ga Baffa Te-sheng, ƙanin surukina da ya rasu, wanda ba a ambatarsa a gidan nan. Na tsare maigidana da tambaya, ya ce, "Ke dai da shisshigi! Wanzami ne." Ashe ba aski kaɗai ba. Shekara talatin ya yi yana fafutukar haƙƙin maza masu son maza. Duk wanda iyayensa suka kora, a bayan shagonsa yake samun tabarma da shinkafa. Ya rasu saura wata biyar a halatta irin aurensu. A cikin wasiƙun wani ya rubuto masa, "Ba don kai ba, da kogi ya ci ni." Sau uku na karanta wannan.

Jiya abokin zaman Baffa ya zo, Malam Kuo, tsohon malamin makaranta. Likita ya ce ba zai ga sanyin bana ba. Roƙonsa ɗaya ne: in an ƙone gawarsa, a ajiye tulun tokarsa kusa da na Baffa a kushewar dangi. Surukina ko kallonsa bai yi ba. Ya ce wurin na kakanni ne, su za a tambaya ranar sharar kaburbura.

Me kike gani za su ce?

Ƙanwarki,
Yun-ching

Chiayi, 6 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ki, ki gaida Mama. Wannan kada ki karanta mata.

Mun je kushewar har da Malam Kuo, mun share, mun jera kaza da lemo, an kunna turare. Surukina ya ɗauko katakon nan biyu na tambayar kakanni, masu siffar jinjirin wata. Kin san ƙa'ida: ɗaya a kife ɗaya a buɗe, an yarda, kuma sai an samu haka sau uku a jere. Ya jefa, an yarda. Gwaggon maigidana ta ce, "Sa'a ce." Ya sake, an yarda. Malam Kuo ya riƙe hannuna, tafinsa sanyi ƙalau.

A jifa na uku ɗaya ya kife a fili, ɗayan ya gangara ƙarƙashin teburin hadaya. Ina durƙushe ina gyara kwanuka, na gan shi da idona: shi ma a kife yake, Yaya. Kakanni sun ƙi.

Surukina ya sunkuya da ƙyar, ya zura hannu, ya daɗe. Muka haɗa ido. Sai ya ɗago ya ce, "A buɗe yake. Kai Kuo, tsohon banza, ka ci nasara. Zo ka kunna wa iyayenmu turare." Malam Kuo ya fashe da kuka.

A hanyar gida surukina ya ce mini, "'Yata, me kika gani a ƙasan can?" Na ce, "Ƙura, Baba." Ya ce, "To, baɗi ki share da kyau."

Ina ta tunanin tun yaushe yake ɗauke da ƙanensa a zuci shi kaɗai. Ban tambaya ba.

Taki har kullum,
Yun-ching