Shirun Joelle a Gaban Tuta

Elstad, Dakota ta Arewa
27 ga Oktoba, 2002

Zuwa ga maigidana Lyle,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin Alaska? Gwiwar nan ta daina ciwo, ko ɓoye mini kake yi kamar yadda ka saba? Mu nan lafiya, sai kewarka.

Ka ce muryata ta canza a waya. Gaskiya ne. Baba na zaune kusa da ni a kicin, kuma ka san kurumtarsa warkewa take yi da zarar an ambaci sunansa. Shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar 'yarka Joelle ce. Tun farkon zangon karatun nan, in an miƙe da safe a aji ana alƙawarin biyayya ga tuta, tana tashi, ta ɗora hannu a ƙirji, ta faɗi komai tare da sauran yara. Amma da an zo wajen "ƙarƙashin Allah" sai ta rufe bakinta, a wuce, sannan ta ci gaba. Ni uwarta ban sani ba, sai da Verna Skogen ta tare ni wajen shan kofi bayan coci, tana wani murmushi, wai, "Marlys, ashe rigimar da ake yi a kotun California kan cire sunan Allah daga alƙawarin ta iso har gidanku?" Jikanta ne ya kai mata labari. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na tsare yarinyar. Ta ce ita ba ta ce babu Allah ba, ba ta dai tabbata ba tukuna, kuma Kakanta, wato Baba, shi da kansa ya koya mata kada ta dafa ƙirji ta faɗi abin da ba ta tabbatar ba. Shekara goma sha biyu fa, Lyle! Na yi faɗa, na yi lallashi, daga baya na shiga ɗaki na sha kukana.

Baba ya ji a wajen aski. Da muna cin abinci ya tambaye ta, ta amsa. Ita kuma uwar gardama, maimakon ta yi shiru, sai ta ce ai lokacin da ya tafi yaƙin Koriya ba a ma saka kalmomin a ciki ba. Ya ture farantinsa ya tashi. Tun ranar bai sake ce mata uffan ba. Ya daina kai ta makaranta a akori-kurarsa, a ɗaki yake cin abinci, ita kuma ta rame.

Ga kuma inda abin ya cakuɗe. Rubutun da ta yi a kan Baba shi ya zo na ɗaya a aji shida, don haka ita za ta ja alƙawarin a lasifika ranar taron 'yan mazan jiya. Baba kuma shi ke ɗaukar tuta. Ya ce ƙafarsa ba za ta taka wajen ba.

Tsoro nake ji, Lyle. Ka fi ni sanin ubanka. Ƙanensa Einar har ya mutu ba sa magana saboda rigimar shingen gona, kuma zuciyar Baba ba ta da ƙwari yanzu. Ba na so ya tafi yana gaba da jikarsa. Ka sa mu a addu'a.

Taka kullum,
Marlys


10 ga Nuwamba, 2002

Lyle nawa,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan jiki lafiya, kuma safar da na aiko ta iso. Kada ka nemi hutun da ka ce. Ka zauna ka yi aikinka, hankalina ya kwanta, jiya har makara na yi don barci.

Bari in ba ka tun daga farko. Kafin ranar na je wajen shugabar makaranta, Madam Kittelson, na roƙe ta ta ba wani yaro. Ta ce iyaye sun dame ta da waya, wasu na cewa a cire Joelle, wasu na cewa in an cire ta za su kai ƙara, ita kuma doka ba ta ba ta ikon tilasta wa yaro ba. Na dawo na ce wa 'yarka, "Haba Joelle, kalmomi biyu ne kacal, ki faɗa a wuce wurin mana." Ta dube ni ta ce, "Mama, so kike in yi ƙarya a gaban Kaka?"

Ranar Juma'a da safe, ranar taron, sai ga Baba ya fito da hularsa ta soja, ya goge kwat. Bangon kicin ya gaya wa, ba mu ba, wai ba don kowa zai je ba, abokinsa Harold da zai ɗauki tuta a madadinsa ƙugunsa ya motsa, kuma ba za a bar tuta a jingine kamar tsintsiya ba.

Zauren wasanni ya cika maƙil, rabin garin ya zo, kuma na san ba duka don sojoji suka zo ba. Baba ya shigo da tuta, aka miƙe, Joelle ta hau ta fara. To ga abin da ba wanda ya hango. A aji muryoyin yara ne ke rufe shirunta. A taron nan kuwa ka san yadda muke yi, kowa muryar lasifika yake bi. Tana cewa "al'umma ɗaya" ta yi shiru don ta ba mutane wuri su faɗa, su kuma suka tsaya cak suna jiranta.

Kai, Lyle! Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har ƙarar na'urar ɗumama ɗaki ana ji. Wani daga baya ya ce, "Faɗi mana, yarinya!" Fuskarta ta yi fari fat.

Sai muryar Baba. Ka san muryarsa ta kurma, wadda ake ji daga rumbu. Yana riƙe da tuta, bai dubi kowa ba, ya ce, "Ƙarƙashin Allah!" Shi kaɗai. Jama'a suka bi shi a hargitse, Joelle ta ja sauran har ƙarshe.

Da aka tashi gardama ta kaure a bakin ƙofa. Verna na cewa tsoho ya koya wa yarinya hankali a bainar jama'a, malamin kimiyya na cewa a'a, rufa mata asiri ya yi. Ni kaina ban san wanne ne ba, a haka na shiga mota.

Mun wuce gidan mai sai Baba ya ce wa Joelle, "Muryarki ta yi rawa a ƙarshe. In za ki ja mutane, ki buɗe baki." Ita ce magana ta farko da ya yi mata. Ta fashe da kuka ta ce, "Kaka, ban fa faɗa ba." Ya ce, "Na sani. Kurma ne ni, ba wawa ba."

Ya tsayar da mota a gefen hanya, ya juyo. Ya ce, "Ban yarda da ke ba, kuma ba zan yarda ba, kada ma ki sa rai. Amma kin tsaya a kan maganarki gari guda na kallonki, na ga manyan maza sun kasa haka." Ya miƙa mata hankicinsa. "Kalmomin nan ba su faɗi ƙasa ba, suna wurina. Zan riƙe miki su. Ranar da kika shirya ki zo ki karɓa. In kin tarar na tafi, ki tambayi ubanki."

To ka ji, Lyle, an ba ka ajiya ba ka nan. Ni dai har yanzu ina yi mata addu'a kowace safiya, amma na daina kuka. Yanzu haka suna kicin su biyu suna musu a kan wanda ya ƙona wainar dankali.

Ka kula da kanka, ka dawo mana lafiya. Joelle na gaishe ka, Baba ma ya ce a gaishe ka, wai ka rage surutu a waya.

Matarka mai ƙaunarka,
Marlys