Karan Awon Auta

Zango, Talata, tsakiyar bazara

Zuwa ga babban ɗana Jafaru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da jikokina. Ya aiki, ya hayaniyar Abuja? Mu nan sai godiyar Allah. Sunan da ka gani a sama Malam Nu'uman liman ne ya sa da hannunsa, ni ban faɗa ba. Ban taɓa kiran ɗan fari da suna ba, ba yau zan fara ba. Shi ke rubuta mini, ya ɗauki hoton takardar ya tura maka. Ya so in yi magana cikin wayar kawai, na ƙi. Maganar da ba ta hau takarda ba iska ce.

Na ga hotunan tsibirin nan da kake son kai mu hutu idan an tashi yara daga makaranta. Sunansa ya ƙi zama a bakina. Na ga farin yashi, na ga mutane kwance cikin rana kamar an shanya kuɓewa. Wai akwai ganuwa da tsohuwar rijiya da ake biyan kuɗi a leƙa. Mutumin ƙasar Daura za a kai kallon rijiya? Kusugu tana nan, tun ina goye aka kai ni.

To, ba zan je ba. Shekara arba'in da bakwai ni ke nuna wa masu haƙa inda za su sa diga a maƙabartar gabas. Ba allo, ba lamba, kaina ne littafin. In na yi sati biyu ba na nan aka yi rasuwa, kan wa za su faɗa?

Wannan dalili na ɗaya. Na biyu, na tambayi Malam sunan ruwan da ya kewaye wurin, ya yi ta gyaran murya kafin ya ce Bahar Rum. Ashe ruwan da ƙanenka Auta ya shiga ne. Shekara shida ke nan da ya ajiye sifana a shagon ubangidansa Paschal bakanike, ya bi ta Mai'adua zuwa Agadas, ya kira daga Libiya ya ce gobe za su hau jirgin roba. A cikin wannan ruwan kake son jikokina su yi wanka ina zaune ina kallo?

Ban ce ya mutu ba, ka ji. Jibril da suka tafi tare ya dawo ya ce jirgin ya fashe. Na tambaye shi ko ya ga gawa, bai gani ba. Ni kuwa ban taɓa cewa mutum ya mutu ba sai na auna shi da kara na kai wa masu haƙa.

Hadiyya matar Auta tana gaishe ku. Ita ke riƙe da ni, Allah ya yi mata albarka.

Ka huta lafiya.
Mahaifinka, Dabo.

Zango, Asabar, bayan ruwan farko

Zuwa ga babban ɗana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin ƙaramar da ka ce tana tari? Allah ya sawwaƙe. Mun samu ruwa daren Laraba, an yi shuka.

Malam ya karanta mini amsarka sau biyu. Ashe da gangan ka zaɓi wurin. Ashe hutun ma rabi ne, so kake in ga girman ruwan da idona in haƙura. Kwana uku ban ci tuwon kirki ba don haushinka. Ɗan da na haifa shi zai yi mini dabara kamar ana kai akuya kasuwa!

Ana cikin haka sai ga Alhaji Usman, uban Hadiyya, daga Mai'adua. Ya zauna a zaure, ya ƙi shan furar da aka kawo. Ya ce 'yarsa ba matar aure ba ce, ba bazawara ba, ba mai takaba ba. Ya ce wani Amadu mai fataucin shanu ya shekara biyu yana jira, kuma ya fara gajiya. Ya ce da ta kai ƙara tun bara da alƙali ya sallame ta, amma ta rantse ba za ta tsaya gaban shari'a ta ƙaryata ni ba. Na ce da shi mijinta yana da rai. Ya miƙe ya sa takalmi. Da na shiga gida na iske ta tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Shekararta ashirin da biyu da Auta ya tafi. Yau na lura akwai furfura guda a gefen kallabinta.

To, zan je. Amma ba don yashi ba. Jibril ya ce ya ji ana cewa a tsibiran can akwai inda ake binne waɗanda ruwa ya fito da su, ba suna, sai lamba. Can za ka kai ni. Ku je ku hau kwalekwalenku ku ga kogon dutsen da ka ce, ku bar ni da mai gadin wurin. Ko ba ma jin harshen juna, aikinmu ɗaya. In na ga ƙasar, na san abin da zan faɗa wa Alhaji Usman.

Ka turo motar da za ta kai ni yin fasfo. Ba zan sa wando irin naku ba.

Naka, Dabo.

Zango, Litinin

Zuwa ga babban ɗana,

Ina gaisuwa. Na dawo gida lafiya, sai ciwon baya na zaman mota. Ka gode wa mai ɗakinka, miyarta ta yi daɗi, gishiri ne dai ya yi kaɗan.

Har yanzu ina tuna yarinyar nan ta ofishin biza da ta yi ta danna yatsuna a kan gilashi, injin ya ƙi karɓa. Ka ji kunya, na gani. Ba laifina ba ne, ƙasa ce ta cinye zanen. Hadiyya ta fara shiri. Ta daka mini garin gero da yaji, ta ɗinke bakin jakata, ta wanke babbar rigar da na sa ranar ɗaurin aurensu. Jiya na ji tana 'yar waƙa a bakin murhu. Rabon da in ji haka har na manta.

Akwai abin da zan faɗa maka, Malam ma yau zai ji gaskiyarsa. Ranar Juma'a aka yi rasuwa a gidan Sarkin Pawa. Maƙabarta ta cika, ka sani. Masu haƙa suka nufi filin nan da ke gefen mahaifiyarku, ƙarƙashin aduwa. Na ce akwai mutum a nan, kamar yadda na saba faɗa. Sai Malam ya tambaye ni, a gaban jama'a, wane ne. Ni da ke lissafa mutum da ubansa da shekarar da aka sa shi, ko ta yunwa ce ko ta sanƙarau, na buɗe baki ba suna. Mutane suka ɗauka tsufa ne ya kama ni. Aka je can bakin shinge aka haƙa cikin tsakuwa.

Ba kowa a wurin. Shekara shida ina tsare shi. Ka ga mutumin da ke rantsuwa ɗansa na da rai, ga shi ya ajiye masa rami kusa da uwarsa. Kuma in zan faɗi duka, ba Auta kaɗai nake riƙo ba. In Hadiyya ta tafi, gidan nan daga ni sai kaji.

Malam ya ajiye biro. Na ce ya rubuta yadda na faɗa.

Ka sanar da ni ranar tashi.

Mahaifinka, Dabo.

Zango, Alhamis, gero ya kai gwiwa

Zuwa ga babban ɗana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya. Ka daina ɓacin rai, ka kuma daina neman wanda zai sa baki. Malam ya fassara mini takardar ofishin biza. Sun ba ku, ni sun hana, wai ba su gamsu zan dawo ba. Na yi dariya har na yi tari. Ni da ramina ma na san inda yake! Ƙanenka ya tafi ba takarda, ruwa ya karɓe shi. Ni na zo da takarda, an ce in koma. Allah ke nan.

Da labarin ya iso, Hadiyya ta kwance ɗinkin jakar, ta juye garin cikin kwano, ta ninke rigar ta mayar akwati. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na gane ta sa ranta a kan tafiyar nan fiye da kowa, tana jiran tsoho ya je ya ga ruwa kafin a ba ta rayuwarta.

Shekaranjiya na ce ta fito da rigar. Na sa, na aika aka kira Jibril da Alhaji Usman, muka tafi gaban alƙali. Da aka tambayi sunan wanda ya ɓata, na ce Suhaibu. Tun ranar suna ban ƙara faɗinsa ba sai ranar. Na ce na janye musuna. Alƙali ya saurari Jibril, ya yanke. Hadiyya ta shiga takaba jiya, wata huɗu da kwana goma, a ɗakinta za ta yi. Bayan nan Amadu ya turo magabatansa, ni zan karɓe su. Gobe za a yi sadaka a ƙofar gida. Paschal ya aiko da buhun shinkafa, ya ce yaronsa ne.

Filin ƙarƙashin aduwa na sake shi. Na faɗa wa masu haƙa ba kowa, duk wanda Allah ya kawo nasa ne.

Saura abu ɗaya. Kada ka fasa tafiyar, yara sun sa rai. Ka tuna zanen da Auta ya yi da ƙusa a jikin ƙofar zaure, shekarar da ya ce ya fi ka tsawo? Na zaro karan dawa daga danga na auna shi da wannan zanen. Taƙi bakwai da yatsa uku. Na karya shi gida huɗu don ya shiga akwati, direban da ke zuwa ran Lahadi zai kawo maka. A wurinmu karan awo ba ya komawa gida, a kan kabarin ake barinsa. Malam ya ce wannan ba ya cikin littafi. Na ce na sani, ya rubuta.

Ka samu safiya kafin masu wanka su fito, ka shiga har gwiwa, ka fuskanci gabas ka ajiye shi. Ka duba da kyau abin da ke bayanka, dutse ne ko itace ko gini, da taku nawa ne daga nan zuwa ruwan. In ka dawo ka faɗa mini daidai, kada ka rage komai. Ina son in san inda yake.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Mahaifinku, kai da shi,
Dabo.